Ragon Santir a Wutar Layinmu

A layinmu ba a gasa ragon layya a cikin gida. Haka na taras tun ina yaro. Kowa ya yanka nasa a ƙofarsa, ya feɗe, ya miƙa wa mata kayan ciki su soya, sannan a banƙare ragon a kan sanduna biyu a gicciye a fito da shi tsakiyar layi. Nan ake tara itace tuli guda, a kafa raguna kewaye da shi kamar tsofaffi masu jin ɗumi, a kunna. Daga azahar har rana ta faɗi ana juya su. Ba a taɓa naman a ranar. Sai ya kwana ya tsane, washegari a yanyanka, yara su ɗauki kwanoni su shiga gida gida. Duk wanda ragonsa ya tsaya a wutarka, dole kwanonka ya shiga gidansa, nasa ya shigo naka. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma na ga gidaje biyu sun yi shekaru ba sa gaisawa a kan kwano ɗaya da bai zo ba.

Ni ke raba wuri. Kada a raina wannan muƙami. Wuta tana da gefe mai kyau, inda zafi ke zuwa a natse, tana kuma da gefen hayaƙi, inda iska ke tura komai, mai juya rago ya yini yana hawaye kamar an yi masa rasuwa. Dole wani ya ce wane nan, wane can, ya kuma ɗauki zagin. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu kafin malaminmu ya gaya wa mahaifina cewa awaki sun fi shi bukatata, saboda haka a cikin tsofaffin layi ni ne mai ilimin zana da'ira a ƙasa da sanda. Shekara da shekaru ina zanawa, ba a taɓa tsige ni ba, ko da yake ba a taɓa gode mini ba.

Gidan da ke jikin katangata na wani ɗan kasuwa ne da ya tattara ya koma Damagaram. Ya daɗe a rufe, sai ƙadangaru. Wata safiya kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofarsa, aka riƙa sauke gadajen ƙarfe da katifu da manyan tukwane. Mata suka ce asibitin haihuwa za a buɗe, har wasu suka fara murna. Da yamma bulama, mai unguwarmu, ya zo ya ce santir ne na yara, gidan gyaran hali. Muka ce waɗanne yara? Ya ce waɗanda alƙali ya ga sun yi ƙanƙanta da gidan kaso, da masu shaƙar sholisho a tasha, da waɗanda suka gagari iyayensu. Daga Kelle, daga Bune, da nan cikin Gure. Ya faɗa, ya kaɗe rigarsa, ya tafi. Shi gidansa yana can wata unguwa.

Daga ranar zama ya ƙi ni. Ina da kujerar roba da nake ajiyewa a ƙofar gida tun hantsi. Na matsar da ita nesa da ƙofar santir, sai na ga ba na ganin mai shiga da mai fita. Na dawo da ita kusa, sai na ga kamar ni ne mai gadinsu. Na shiga cikin gida, sai kunnena ya manne da katanga. In sun yi hayaniya in ce ga shi nan an fara. In sun yi shiru in ce me suke ƙullawa? Ina kewaya akurkin kaji kamar wanda ya ba su ajiya.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta ce, “Malam, don Allah ka zauna wuri ɗaya, kana sa ni jiri.”

Na ce, “Tsaron iyaka nake.”

Ta ce, “Iyakar da ɗan akuya ke tsallakewa?”

Ba zan ce yaran waliyyai ne ba. Akwai ranar da faɗa ya kaure a ciki har na ji ƙarar benci a jikin ƙofa. Akwai zagin da na ji ta saman katanga wanda ni da na yi zaman tasha a ƙuruciya ban san an ƙirƙiro shi ba. Wata rana da tsakar rana ɗayansu ya diro tsakar gidana, ya fasa mini randa, ya ce “sannu Baba” ya fice ta zaurena a guje. Jandarma suka dawo da shi daga hanyar Damagaram. Amma kuma da safe in sun fito ɗebo ruwa a pampo, a jere, sai su gaishe ni baki ɗaya, ni kuma in rasa irin amsar da zan ba su. In na amsa da fara'a, layi na kallo. In na yi shiru, Allah na kallo. Sai na ƙirƙiro wata amsa ta tsakiya, rabin tari rabin “lafiya”.

Ba wanda ya taɓa cewa yana ƙin yaran. Abin da ake cewa shi ne, “Allah ya shirye su, amma me ya hana a kai su bayan gari?” Wanda ya fi kowa faɗin haka Alhaji ne mai butik, wato kanti, a bakin layi, ɗan Damagaram, mutumin kirki in ba ka taɓa masa sikari ba. An taɓa fasa masa butik tun kafin santir ya zo, kuma yana da 'yan mata a gida, saboda haka ban ce ba shi da hujja ba. Shi ke sayar wa santir shinkafa da sabulu, amma ta taga yake miƙawa. Matan layi kuwa, wadda za ta aika musu da sauran tuwo ita ce za ta zane ɗanta in ta gan shi yana buga balo, wato ƙwallo, kusa da ƙofarsu. Abokina Bamange, makiyayi ne da ƙafa ta gaji ya dawo gari, shi cewa ya yi bai gane hikimar tara masu harbi duka a garke ɗaya ba. Ya ce a daji in saniya ta cika faɗa, cikin masu sanyi ake sa ta.

Na ce, “To a kawo maka biyu gidanka.”

Ya ce, “Ni na ce ina da sanyi?”

Shugabar santir tsohuwar malamar lakwal ce, haifaffiyar Gure, kowa Madam yake ce mata. Tana da irin muryar nan da in ta ce “zauna” a cikin gidansu sai in ji gwiwata ta lanƙwashe a nawa. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah ta yi sallama a zaurena bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, har da tambayar ƙafata. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

Ta ce, “Baba, wani bawan Allah ya ba yarana rago.”

Na ce, “Madalla. Allah ya karɓa.”

“An ce kai ke raba wuri a wuta.”

“Wa ya ce? Mutane akwai ƙarya, 'yata. Ni dai ina riƙe sanda.”

“To sandar ta zana mana wuri.”

Na ce ai suna da fili a ciki, tsakar gidan nan ta isa a gasa raƙumi. Ta ce itacen rago ɗaya ba ya gasa rago ɗaya, ni ma na sani, shi ya sa ake haɗawa. Ta ce ba ma wannan ba ne. Ta ce a cikin yaran akwai waɗanda ba su taɓa tsayawa a wutar layya a matsayin masu rago ba, kullum daga nesa suke ana korarsu. Ta ce in ta rufe su a ciki suna jin ƙamshin layi ta saman katanga, ba ta san me za ta gaya musu ba game da bambancin gidanta da kaso.

Na ce, “Zan duba.”

Ta ce, “Ina jira, Baba.” Ta miƙe ta tafi, ta bar ni da abin a hannu kamar garwashi.

Na tafi wurin bulama, ya ce wannan maganar layi ce. Na tafi wurin liman, ya yi mini bayani mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabci, na ji daɗi, na ce to zai zo ya maimaita a gaban Alhaji? Ya ce yana da zuwa jana'iza. Na gangara kwari wurin lambun ƙanena don in huta a inuwar dabino, na zauna, na tashi, na tsinki albasar da ba ta nuna ba, ya kore ni. Na dawo na taras da maza a gindin aduwa, labari ya riga ni isowa.

Alhaji ya ce, “Malam, ka san abin da ake nufi da wuri a wuta?”

“Na ɗan sani, Alhaji, tunda ni ke rabawa.”

“Ba rago ba ne. Kwano ne. Washegari yaron da aka kama da wuƙa zai shigo har tsakar gidana da sunan ya kawo nama, ya ga inda ƙofa take, ya ga inda 'ya'yana ke kwana. Ni kuma in tura 'yata cikin wancan gida da kwano. Kai za ka tura jikarka?”

Ni kaina ban sani ba.

Wani ya ce a ba su nama kawai kamar yadda ake ba miskinai, ba sai sun zo ba. Bamange ya ce ai ba nama suka roƙa ba, suna da ragonsu, kuma ya leƙa ya gani, ya fi na wasu da ke zaune a nan ƙiba. Aka yi dariya, wanda aka nufa bai yi ba. Alhaji ya ce shi maganarsa ɗaya ce: in ragon santir ya tsaya a da'ira, nasa ba za su tsaya ba. Kowa ya san manyan kututturan da ke riƙe wuta har magariba Alhaji ke kawo su. Mu sauran ƙirare muke tarawa da abin da ya sawwaƙa.

Kwanakin da suka rage na zana da'irar nan a tsakar gidana ban san iyaka ba. In zana da su, in share da ƙafa. In zana ba su, in share. Tsohuwata ta ce in na gama nome mata tsakar gida in gaya mata ta shuka gero.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi an yi yanka, na fito da sandata. A hanya ma ban yanke shawara ba. Da na iso sai na ga an buɗe ƙofar santir, yaran sun jeru a bakinta cikin riguna iri ɗaya, huɗu daga cikinsu na ɗauke da ragonsu a banƙare, sun tsaya ba su taka layi ba. Madam na bayansu. Na zana da'ira, na raba wa kowa, na zo gefen hayaƙi, inda kowace shekara sai na yi rigima da wanda na ba. Na buga sanda a nan na ce, “Santir.”

A raina na ce na yi dabara. Wanda ke so a wulaƙanta su ya samu, wanda ke so a karɓe su ya samu. Ilimin aji huɗu ke nan. Alhaji ya kira yaran butik ɗinsa suka ciro ragunansa, suka janye kututturan ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙofarsa. Gidaje da yawa suka bi shi, har da wanda ke jikin nawa ta yamma. Sai ga layin da ke da wuta ɗaya tun zamanin kakanni yana da biyu, suna kallon juna.

Muka matse da'irarmu. Don kada a ce na tura yara hayaƙi ni na koma inuwa, na kafa ragona kusa da nasu. Aka kunna. Da fari ta tashi da kyau, ƙirare akwai cika baki. Yaran suna juya ragonsu kamar ƙwai, kowa na so ya taɓa sanda, hayaƙi na shiga idonsu suna dariya. Akwai wani a cikinsu mai tabo a goshi, ya fi sauran girma, shi ya san aiki. Bamange ya tambaye shi inda ya koya, ya ce ya yi zaman mahauta yana yi wa mahauta babbakar kai da ƙafa. Bamange ya ce, “To ga mai sana'a, mu duk 'yan kallo ne.” Na ga yaron ya ƙara tsawo a wurin.

Kafin la'asar wutar ta fara kwanciya. Ƙirare sun cinye, ba kututture a ƙasa. Rana irin ta gab da damina, in nama bai gasu ba ya kwana, da safe sai dai a ba karnuka. Na kewaya wutar, na sake kewayawa. Na aika a ciro dannin tsohon akurkina, bai yi komai ba. Na leƙa ta Alhaji, ita kuma kututture ne ba ƙirare, tana ta hayaƙi ba harshe. Ya kalle ni, na kalle shi, kowa ya juya. Aka kira salla. Muka ce wa matasa su kula, muka tafi masallaci.

Muna cikin raka'a ta ƙarshe na ji warin. Duk wanda ya taɓa wucewa bayan tasha ya san shi. Liman bai gama sallama ba sahu ya watse. Muka fito muka ga baƙin hayaƙi ya miƙe daga tsakiyar layi, mai kauri, wuta kuwa na ci ɓal-ɓal yadda ba ta ci ba tun safe. Mai tabon nan ne. Ya ga wutar za ta mutu, ya ga an yaba masa, ya shiga santir ya mirgino tsohuwar tayar da suke lilo da ita, ya yanka ya cusa a ƙarƙashin garwashi. A mahauta haka suke yi. Yana tsaye yana jiran a ce masa sannu.

Iskar ranar ba ta da alƙibla, saboda haka ba ragon da ya tsira. Nasu da nawa suka koma baƙi ƙirin. Aka ja tayar da sanda, aka zuba rairayi, kowa na ihu. Wani ya ɗaga hannu zai mari yaron, Bamange ya riƙe shi. Yaron bai gudu ba. Ya kalli ragunan, ya kalle mu, sai fuskarsa ta rufe, irin rufewar da na gani a fuskokinsu ranar da aka fara kawo su. Madam ta zo ta kama hannunsa ta ce, “Ku yi haƙuri, iyayena. Ban gaya masa ba. Ban san zai yi ba.” Daga can ƙofarsa Alhaji ya ce, “Malam, an gode da rabo.” Wannan ce godiya ta farko da na samu a muƙamin.

Muka ƙarasa gashin a kan abin da ya rage, kowa ya ɗauki nasa ba sallama. Tsohuwata ta kankare ragon da wuƙa, ta wanke da tsamiya, da safe ta soya da tafarnuwa da yaji har idona ya yi ruwa. Na ɗanɗana. Na ce mata ya yi daɗi, sai dai in na yi gyatsa ina jin kamar zan kama hanyar Bune.

Hantsi ya yi, lokacin kwanoni. Na fito ƙofa na tsaya, na koma, na sake fitowa. Yara na ta giftawa tsakanin gidaje, amma ba wanda ya nufi ƙofar santir. Can sai ta buɗe. Mai tabon ne ya fito da kwano, Madam na biye da shi taku kaɗan a baya. Gidan farko aka karɓa a bakin zaure, ba a ce ya shiga ba. Gida na biyu aka ce masu gidan sun fita, alhali ina jin muryarsu. Bamange ya karɓa, ya ɗauki tsoka ya ci a tsaye a gaban yaron, ya ce, “Ɗana, gishiri ya ji, taya ma ta ji.” Yaron bai yi dariya ba, amma ya ɗago kai. Da ya iso wurina ya durƙusa ya ce, “Baba, ka yafe mini.” Na ce ya kai wa tsohuwa ciki, ai ɗan'uwansa da ya fasa mini randa ya gaya masa hanya.

Saura nawa kwanon. Surukata ta ce ita 'yarta ba za ta taka gidan nan ba, ko za a yanka ta. Ban ga laifinta ba. Na tsaya da kwano a zaure ina neman ɗan aike, duk jikokin sun ɓace kamar an share. Tsohuwata ta ce, “Kai da ka zana, kai za ka kai.” Sai ga ni, dattijo da furfura, da sabuwar riga, ɗauke da kwanon nama a layi kamar yaron da aka aika, maza na kallo daga gindin aduwa.

Ban taɓa shiga ba sai ranar. Tsakar gida a share, igiyar shanya, wani ƙarami na kuka a lungu don ba wanda ya zo masa Sallah daga gida. Suka taso suka kewaye ni, suna leƙen kwanon. Madam ta karɓa da hannu biyu, ta juye, ta sa aka wanke, ta miƙo mini. Ta rako ni har ƙofa.

Ta ce, “Baba, baɗi fa?”

Na so in ce zan duba. Bakina ya riga ni. Na ce, “Ku fara tara itace tun yanzu, manya. Kuma duk wata taya da ke gidan nan a kai ta tasha.”

Ta ce, “Alhaji fa?”

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Na fito da kwano a hammata. Alhaji ya bar butik ya zo gindin aduwa ya zauna a tsakiyar maza, an bar mini wuri a kan tabarma daidai gabansa. Na tsaya na gyara hula, na duba ko akwai wata hanya zuwa gidana da ba ta bi ta nan ba. Babu. Na nufe su.